Takardar Haihuwar Zahara'u

Ranar Litinin da hantsi, wata uku da dawo da shi aiki garinsu, Insfekta Ilyasu ya ji wata murya a ƙofar komisariyar Madarunfa, ofishin 'yan sandan garin, tana tambayar inda ake kai ƙarar sata. Bai san sa'ad da ya miƙe tsaye ba, har da haɗa ƙafafu. Shekara talatin rabonsa da muryar nan, amma jikinsa bai manta da ita ba.

"Zauna, Ilyasu, ba a aji muke ba," in ji Mushe Daniyel.

Mushe ake kiran malamin boko a nan, kuma shi ne ya koya wa Ilyasu karatu a aji uku. Yanzu shi ne darektan lakwal ɗin, wato shugaban makarantar, furfura ta gama da kansa, amma jakar fatar da ke hammatarsa ita ce dai ta da.

"Mi aka sace, Mushe?"

"Takarda guda."

"Takarda guda ce ta fito da kai cikin ranar nan?"

"Kai da ka yi kuka yini guda a kan bik ɗinka na rubutu da ya faɗa rijiya, yau kai ke raina takarda?"

Ilyasu ya yi dariya, ya jawo masa kujera. Dattijon ya zauna, dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce yara arba'in da ɗaya ke aji shida bana. Kowane yaro yana da bangonsa na ajiye takardu, a ciki akwai takardar haihuwa da hoto maƙale da ita. Jibi Laraba da safe za a kai takardun Maraɗi, kuma duk wanda tasa ba ta cika ba, babu shi babu jarrabawar satifika sai baɗi. Ranar Juma'a da tsakar rana ya ƙirga su cif, ya tafi Maraɗi kai matarsa ganin likita. Yau ya buɗe, babu ta Zahara'u Aminu.

"A nemi kwafi mana."

"Na je wajen magajin gari. Sai an tono tsohuwar rajista, mako uku ne ko fiye. Yarinyar nan ita ce ta ɗaya tun daga aji biyu, Ilyasu. Yadda kake a lissafi, haka take, sai dai ita ba ta barci a aji."

Suka hau moton Ilyasu mai ƙafa biyu, malamin a baya yana riƙe da jakarsa.

Lakwal ɗin ta ƙanƙance. Abin da ya fara zo wa Ilyasu ke nan. Filin da suna yara suke ganin ba ya da iyaka, yau taku kaɗan ne. Amma tsohon ƙarfen tayar mota da ake bugawa a shiga aji yana nan rataye a reshen bedi, wato darbejiya, kuma iskar tabki tana shigowa da ƙarnin kifi kamar kullum.

Ƙofar biron darekta, wato ofishinsa, lafiyarta lau, ba a taɓa kubar ba. Ilyasu ya sauko da tarin bangunan daga kan kanta. An ɗaure su da igiya, ƙulli biyu da hanci, irin wanda mata ke yi wa ƙunshin kaya.

"Haka kake ɗauri, Mushe?"

"Ni? Zarge ɗaya nake yi."

"Kuma haka ka jera su?"

"A'a. Daga A zuwa Z nake jerawa, ka sani. Ga shi yanzu Balkisu tana ƙarƙashin Yahaya."

Ilyasu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowane bango Mushe ya rubuta suna da manyan baƙaƙe, wanda ko daga ƙofa za a karanta. Duk da haka an buɗe su duka. A gefen kowane hoto akwai ɗan tabon maiƙo, girman kan yatsa. Ya kai hanci. Man gyaɗa ne da yaji.

"Wanda ya iya karatu, hannu ɗaya zai sa ya zaro ta ƙasa," in ji shi. "Wannan fuska yake nema, ba suna ba."

Gardin lakwal, Hamisu mai gadi, yana jira a waje yana murza hularsa.

"Shef, makullan nan ba su taɓa barin aljihuna ba. Ko wanka zan shiga, da su nake shiga."

"Har ranar Juma'a?"

"Musamman ma ranar Juma'a!"

"To taka zuwa gindin bedin can ka dawo."

Hamisu ya taka. Makullai goma sha a zobe guda, kowane taku sai sun yi kacau-kacau kamar akuya mai ƙararrawa. Har wata malama ta leƙo ta taga.

Ilyasu ya ce, "Baba Hamisu, ranar Juma'a a sahu na biyu kake, mutum ɗaya ne tsakanina da kai. Ka yi ruku'u, ka yi sujada, ban ji ko ƙyas ba."

Hamisu ya dubi Mushe Daniyel, ya dubi ƙasa.

"Liman ne ya yi mini magana tun bara, Shef. Ya ce ina raba wa mutane hankali. Shi ne nake kifa musu ƙwarya a gindin bedi, wajen masu abinci, in na dawo in ɗauka. Wallahi ban taɓa tarar da an motsa su ba."

"Su wa ke wurin in an tashi yara?"

"Su uku ne, suna wanke-wanke. Tsohuwa Hasana mai ƙuli-ƙuli, da Miriyamu mai ƙosai, da Zuwaira mai ɗanwake."

Mushe Daniyel ya ce a cire Miriyamu, don ita ke karanta Littafi ga mata a majami'arsu. Saura biyu. Amma me mai ƙuli-ƙuli ko mai ɗanwake za ta yi da takardar ɗiyar wani? Ilyasu ya ga gara ya fara da gidan yarinyar, ko akwai mai rigima da su da ya aiko a ɗauko.

Gidan yana unguwar masunta. Uwar, Dije, mace ce mai jiki da fara'a, mijinta Aminu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura, bakinta bai tsaya ba.

"Ranka ya daɗe, tun da Mushe ya aiko ban sa komi a bakina ba. Zahara'u tun ɗazu take ta kuka. Zahara'u fa ba ta san wasa ba, daga lakwal sai littafi. Na ce Zahara'u, ki ci tuwo, ta ce Inna bari in gama shafin nan. Likita take son zama. In ta ci, Yamai zan kai ta wajen ƙanen babanta, an riga an yi magana."

"'Ya'yanki nawa, Inna?"

"Ita kaɗai Allah ya ba ni. Ita ce ta fari, ita ce auta."

"Akwai wanda kuke rigima da shi?"

"Ni da ko kazar maƙwabta ba na kora?"

"Masu abincin bakin lakwal fa, kin san su?"

"Hasana tare muke zuwa biki. Miriyamu ma muna gaisawa. Ita dai ta Gabin ce ban sani ba."

Ilyasu ya ajiye ludayin.

"Ban ce daga Gabi take ba."

Dije ta gyara kallabinta, wanda bai kwance ba. "Gari ƙarami ne, ranka ya daɗe. Ana ji."

Bai koma komisariya ba. Ya kashe moto a bakin tabki, inda suke satar wanka suna yara, ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale. Ƙaryar Gabi ba ita ta fi damunsa ba. Wani abu ne dabam, kuma sai da ya jima yana kallon ruwa kafin ya gane ko mene ne.

Sau nawa Dije ta kira sunan yarinyar? Da baki cike, a gaban baƙo, har da yabo.

Shi ma ɗan fari ne. Da aka yaye shi aka kai shi riƙo wajen goggonsa, gida uku tsakani. Mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron gidan Goggo". In sun haɗu a hanyar rijiya sai ta karkata tulunta ta wuce. Amma kullum da la'asar akwai akushi da ke zuwa gidan Goggo, kuma naman da ke ƙasan tuwon ba ya cikin na kowa sai nasa. Ran da zai tafi Yamai koyon aikin ɗan sanda, ta juya masa baya tana daka, ba ta ɗago ba har mota ta tashi. Sai a Dogon Dutsi ya buɗe jakarsa ya tarar da dakuwa ƙunshe a cikin kallabinta na Sallah. Shekara takwas ke nan da rasuwarta. Har yau bai san yadda sunansa zai fito a bakinta ba.

'Yan matan yanzu wasu sun bar wannan kunyar. Amma macen ƙauye sa'ar Dije, da ɗiyar fari? Ya tashi ya karkaɗe wandonsa.

Talata da ƙarfe goma, ana buga ƙarfen shan iska, yana zaune a kan benci a gindin bedi cikin kayan gida. Tsohuwa Hasana ya gama da ita tun da safe: yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma da lalube take ba da canji. Ba za ta bambance hoto da hoto ba.

Zuwaira siririya ce, ba za ta wuce talatin da biyu ba. Yara suka yanyame tukunyarta, ita kuwa tana zubawa tana tsiya.

"Al'amin, jiya ka gudu da kwanona, yau a hannu zan zuba maka! Nafisa sarkin yaji, wata rana harshenki zai kama da wuta. Mika, matsa, ba kai kaɗai Allah ya halitta da ciki ba. Hamza, wanke hannun nan tukuna!"

Can wata doguwar yarinya ta zo daga baya, idanunta a kumbure, littafi a ƙirji. Zuwaira ta yi tsit. Ta sunkuyar da kai, ta zuba ɗanwake, ta kwarara mai, ta tura rabin ƙwai ƙarƙashi da bayan cokali. Ta miƙa kwanon fuskarta na kallon katanga.

Aka buga ƙarfe, fili ya watse. Ilyasu ya matso.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Doguwar nan ta ƙarshe, wace ce?"

"Ta gidan Dije ce."

"Mi sunanta?"

"Yaran da yawa, ranka ya daɗe. Ba a riƙe su duka."

"Na zauna nan na ƙirga. Suna ashirin da shida kika kira, har da na iyayen wasu."

Ta ci gaba da goge murfin tukunya, wanda ya riga ya bushe.

"Ranar Juma'a kin shiga biron Mushe?"

"Mi zai kai ni? Ni ko alif ban sani ba."

"Shi ya sa kika buɗe duka arba'in da ɗaya."

Hannunta ya tsaya. Ilyasu ya rage murya, don kada sauran matan su ji.

"Ni ma ɗan fari ne. A ƙasan tuwo ake ɓoye mini nawa naman."

 Ta kifa murfin, ta ce wa Miriyamu ta duba mata kaya, ta yafa mayafinta ta shiga gaba.

Ɗaki ɗaya take haya a bayan tasha. Ta sauko da kwalla ta can sama, ta fito da wani sabon zane da ba a taɓa ɗaurawa ba, ta warware shi. Takardar tana ciki, ko lanƙwasa babu.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"To mi za ki yi da ita?"

"Ba takardar nake so ba. Hoton ne." Ta zauna a bakin gado. "Salisu ƙanen Dije ne. Shi ya aure ni a Gabi ina da shekara goma sha takwas. Da zama ya ƙi, ya sake ni, ya zo ya ɗauke ta tana shekara biyu da rabi, ya kai wa yayarsa, don ita ba ta samu haihuwa ba. Ya tahi ci-rani Najeriya, har yau ko labarinsa. Na yi wani auren, mijin ya rasu. Shekara uku ke nan na biyo ta nan. Dije ta ce in zauna in yi sana'ata, amma ran da na buɗe baki, ran nan za ta ɗauke ta daga garin. Ban buɗe ba."

"Sai kika ji zancen Yamai."

"A bakin yara na ji. Ranka ya daɗe, shekara uku ina zuba mata abinci, ban taɓa kallon fuskarta sosai ba. Ido ba ya yarda. Na ce in ta tahi, da mi zan tuna ta? Ran da mai hoto ya zo na ga an jera su. Na ce in ɗauki nata guda, ai Mushe zai sa a sake wani. Na tarar an ɗinke shi da ƙarfe a jikin takardar. In na ja, goshinta zai yage. Shi ne na ɗauko duka."

"Kin san in babu takardar nan gobe, ba za ta yi jarrabawa ba?"

Ta zabura, ta dafe ƙirji. "Kukan da take yi ke nan? Na zaci ba ta da lahiya! Wayyo ni, na cuce ta. Ɗauki, ɗauki ka kai musu yanzu!"

Ya karɓa. Har ya kai ƙofa ta ce, a hankali, "Kafin ka tahi, karanta mini. Kwana huɗu ina kallon baƙaƙen. Ina so in san wanne ne nawa a ciki."

Ilyasu ya dubi takardar. Irin wadda alƙali ke bayarwa ce ga yaran da ba a rubuta su ran haihuwa ba, da shaidu biyu. Ya karanta layin uba a zuci, ya karanta na uwa. Ya so a ce yau shi ma bai iya karatu ba.

"Uba, Aminu. Uwa, Dije."

"Sai kuma ina?"

"Shi ke nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta ninke sabon zanen gida huɗu, ta mayar cikin kwalla, ta rufe.

Da la'asar suna komisariya. Mushe Daniyel ya karɓi takardar ya sa hannu, ya ce shi ya janye ƙararsa, a bar baiwar Allah ta tafi. Ilyasu ya ce gobe takardar za ta bi sauran zuwa Maraɗi, yarinya za ta yi jarrabawarta. Amma an shiga biro da makullin da ba a bayar ba, kuma abin da ya karanta ya riga ya karanta. Dole magana ta je gaban alƙali, shi zai san yadda za a gyara.

Aka shigo da Dije. Zahara'u ta biyo ta, aka ce ta jira a bencin baranda. Dije na ganin Zuwaira ta san an gama.

"Ke kika ce wa alƙali ke kika haife ta?" Ilyasu ya tambayi Dije.

"Cewa suka yi ina uwar yarinya, na ce ga ni. Ƙarya na yi? Wa ya kwana bakwai a zaune ran da ƙyanda ta kama ta? Wa ya sai da tunkiyarsa ya sai mata kayan lakwal? Shaidun ma ba su ga ƙarya ba. Mai riƙo uwa ce, ko a gidanku haka ne, na san goggonka!"

"Haka ne, Inna. Goggo uwata ce har gobe. Amma ba ta taɓa goge sunan wadda ta haife ni ba."

 Hawaye suka zubo wa Dije. "Tsoro na ji. Na ce in babu takarda, wata rana za a zo a ce in miƙo ta."

"Da za ni karɓe ta, Yaya, da ban yi shekara uku ina soya mai a bakin hanya ba," in ji Zuwaira, ba tare da ta ɗago ba.

Ilyasu ya jawo takardar ɗaukar bayani. Ya rubuta rana, ya rubuta sunan Zuwaira da garinsu, ya rubuta cewa ta amsa ta ɗauki makulli ta shiga biro. Tagar da ke kallon baranda, inda yarinyar take zaune, a buɗe take. Ya gan ta. Ya dubi Dije, Dije ta dubi tagar, ta daɗe, sannan ta kau da kai ba ta ce a rufe ba.

"Takardar wa kika ɗauka?"

"Ka sani, ranka ya daɗe."

"Na sani. Amma doka ba ta karɓar 'wancan' ko 'ta gidan wance'. Alƙali ba zai mayar da sunanki a takardar yarinyar da ba ki faɗi ko wace ce ba. Daga bakinki zan rubuta."

Zuwaira ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Leɓɓanta suka motsa sau biyu, babu sauti. Mushe Daniyel ya cire tabarau yana gogewa. A karo na uku muryar ta fito, ta fi yadda ta yi niyya ƙarfi, kamar ta mai kira daga bakin rijiya.

"Zahara'u. Ɗiyata, Zahara'u."

"Na'am?" in ji wata murya daga baranda.

Ba wanda ya motsa. Ilyasu ya ɗauki bik ɗinsa, ya rubuta sunan.

'Yar sandan da ke tsaron ƙofa ta zo ta tafi da matan biyu, za su kwana gobe a kai su gaban alƙali. Suna fita baranda yarinyar ta miƙe, littafinta a ƙirji, tana duban wannan tana duban waccan. Dije ta riƙe mata hannu ta ce ta bi Mushe gidansa, matarsa za ta ba ta tuwo. Zuwaira ta zo wucewa, kanta ya fara karkata wajen katanga yadda ya saba. Sai ta tsaya. Ta juyo, ta kalle ta tun daga goshi har haɓa, a tsanake, har sai da 'yar sandan ta taɓa mata kafaɗa.

Ilyasu ya rufe fayil ɗin. Ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, inda wani tsohon kallabi yake a ninke, ya ɗora fayil ɗin a kansa, ya tura aljihun a hankali.